Abin da Labarin Hajaratu Ya Koya Mini a Damagaram

Idan aka buɗe lokacin shaida a majami'armu ranar Lahadi, mutane sukan tashi su gode wa Allah saboda warkewa daga ciwo, ko samun aiki, ko sauka lafiya bayan doguwar naƙuda, kuma duk waɗannan abubuwan godiya ne na gaske. Tawa shaidar ba za ta shiga cikin 'yan mintocin da ake bayarwa ba, shi ya sa na zaɓi in rubuta ta. Ina so in faɗi yadda Allah ya yi amfani da ilimin binciken Littafi Mai Tsarki, ilimin da aka sha gargaɗinmu cewa yana kashe bangaskiya, ya tsare mini bangaskiyata a lokacin da ake ta kawo mini ayoyi domin in ƙi maƙwabtana da dangina.

An haife ni a Zinder, wato Damagaram, a nan na yi firamare da sakandare, kuma a nan nake koyarwa har yau. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda suka karɓi bishara ta hannun 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), waɗanda suka fara zama a wannan gari a 1924 kafin aikinsu ya yi ƙarfi a Tsibiri da Galmi. Mahaifiyata kuwa daga gidan Musulmi ta fito, a wani ƙauye kusa da Mirya, kuma duk da ɓacin ran da auren ya jawo da farko, zumunci bai yanke ba. Ran Babbar Sallah kawuna yakan aiko mana da cinyar rago, ran Kirsimeti mu kuma mu kai shinkafa da miya gidajen dangi da maƙwabta. A ɗakin mahaifina akwai Littafi Mai Tsarki guda biyu, tsohon nan na Hausa da aka buga a 1932 wanda ya gada daga ubansa, da sabon juyi na 1979 wanda muke karantawa kowace asuba kafin a dama kunu. Mun haddace ayoyi masu yawa, kuma ina gode wa Allah saboda wannan tarbiyya. Sai dai ba a saba mana da tambaya ba. Mai wa'azi ya karanta, ya fassara, mu kuma mu ce amin.

Ina budurwa wani baƙon mai wa'azi ya zo taron farkawa, ya buɗe Farawa sura 16 aya 12, inda mala'ika ya ce Isma'ilu zai zama kamar jakin jeji, yana gāba da kowa, kowa kuma yana gāba da shi. Ya ce wannan ayar ita ce bayanin halin Musulmi gaba ɗaya, cewa su zuriyar baiwar da aka kora ce, mu kuwa 'ya'yan alkawari. Jama'a suka yi tafi. Ni kuwa fuskar kawuna kawai nake gani, mutumin da ya sayar da bijiminsa na noma ya biya kuɗin magani lokacin da mahaifina ya kwanta ciwo, bai kuwa taɓa tayar da maganar ba daga baya. Da muka koma gida na tambayi Inna, sai ta ce, "Ɗiyata, maganar Allah ce, ba mu da ta cewa." Ta faɗi haka tana tankaɗe gari, ba ta ɗago kai ba, amma na ga ƙwalla a idonta. Na riƙe wannan tambaya a zuciyata shekaru masu yawa.

A Yamai, lokacin da nake karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, wata ƙawata 'yar Katolika ta ara mini Littafi Mai Tsarki na Faransanci wanda ake kira TOB, juyin da malaman Katolika da na Furotesta suka haɗu suka yi, aka fitar da Sabon Alkawari a 1972, Tsohon Alkawari kuma a 1975. Kowane littafi yana da gabatarwa, kowane shafi yana da bayanai a ƙasa. Wurin da na fara buɗewa shi ne labarin Hajaratu, uwar Isma'ilu, domin shi ke damuna. Ina bin bayanan ina komawa ga nassin, sai na lura da abin da na sha karantawa ban taɓa tsayawa a kansa ba. Farawa 16:16 ta ce Ibrahim yana da shekara 86 aka haifi Isma'ilu, Farawa 21:5 kuma ta ce yana da shekara 100 aka haifi Ishaku. Ke nan Isma'ilu yana da shekara 14 lokacin haihuwar ƙanensa, kuma tun da bayan bikin yaye aka kore su, ya kai shekara 16 ko 17. Amma labarin korar a sura 21 yana tafiya kamar labarin ƙaramin yaro, wanda uwa ta ajiye a ƙarƙashin wani ɗan itace, ta ja gefe don kada ta ga mutuwarsa, har mala'ika ya ce mata ta tashi ta ɗaga shi. Ga kuma labari biyu masu kama da juna, ɗaya a sura 16 inda Hajaratu ta gudu tana da ciki, ɗaya a sura 21 inda aka kore ta da ɗanta, kuma a kowannensu akwai jeji, da mala'ika, da ruwa, da alkawarin zuriya.

Daga nan na fara neman tarihin wannan bincike, na tarar masu bangaskiya ne suka fara shi. Tun a ƙarni na 12 wani malamin Yahudawa ɗan Andalus, Ibn Ezra, ya nuna cewa akwai ayoyi a Attaura da suka yi kama da rubutun wanda ya zo bayan Musa, kamar inda Farawa 12:6 ta ce a lokacin nan Kan'aniyawa suna cikin ƙasar. A 1753 wani likita Bafaranshe, Jean Astruc, ya lura cewa wasu sassan Farawa suna kiran Allah da suna ɗaya, wasu da wani, ya ce lallai an yi amfani da tsofaffin rubuce-rubuce daban-daban, kuma nufinsa shi ne ya kare matsayin Musa daga masu suka. A 1878 Bajamushe Julius Wellhausen ya tsara bayanin da ya yi fice, cewa littattafai biyar na farko sun haɗu ne daga tushe huɗu. A bisa wannan bayani, yawancin sura 16 daga tushe ɗaya take, labarin korar a sura 21 daga wani, lissafin shekaru kuwa daga hannun firistoci masu kula da asali da ƙidaya. Wanda ya ga yadda ake haɗa bargon saƙi zai gane abin da ake nufi: sirara-sirara ake saƙa shi, sannan a ɗinke, kuma ganin layin ɗinkin ba ya hana bargon rufe mutum ran sanyi.

Ba zan ce wannan sani ya zo mini da sauƙi ba, domin an koya mini cewa Musa ya zauna ya rubuta komai daga fari har ƙarshe. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne farkon Bisharar Luka, inda marubucin ya faɗa da bakinsa cewa mutane da yawa sun riga shi rubuta labarin, shi kuma ya bi diddigin kome tun daga farko kafin ya tsara nasa. Idan hurarren littafi zai iya fitowa ta hanyar bincike da tattara labari, to hannun mutum a cikin Nassi ba abin kunya ba ne da za a ɓoye. Haka kuma ban ɗauki maganar masana kamar wahayi ba. Tun daga shekarun 1970 masana da yawa suka sake duba tsarin Wellhausen, wasu ma suna shakkar ko ɗaya daga cikin tushen nan huɗu ya taɓa kasancewa littafi mai zaman kansa, kuma shi kansa Wellhausen yana da raini ga addinin Yahudawa na baya-baya wanda ba na yarda da shi. Abin da na karɓa daga gare su, wanda ba zan sake ba, shi ne ɗabi'ar karatu: a karanta sura gaba ɗaya, a tambayi wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, a wane zamani, kuma a bar nassi ya faɗi abin da ya faɗa ko da bai yi wa mai karatu daɗi ba.

Da na karanta labarin Isma'ilu da wannan ɗabi'a, sai na ga yawan abin da baƙon mai wa'azin nan ya tsallake. Aya ɗaya kafin ayar jakin jeji, mala'ika ya gaya wa Hajaratu cewa Ubangiji ya ji wahalarta. Kafin wannan kuma ya yi mata alkawarin zuriyar da ba ta ƙirguwa, irin alkawarin da aka saba yi wa Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Ita ce mutum ta farko a cikin Littafi Mai Tsarki da mala'ikan Ubangiji ya bayyana gare ta, ita ce kuma ta raɗa wa Allah suna, ta ce shi Allah ne mai ganinta. A Farawa 17:20 Allah ya ce ya sa wa Isma'ilu albarka, zai haifi sarakuna 12, zai zama babbar al'umma. A 21:20 an rubuta cewa Allah yana tare da yaron. A 25:9 Ishaku da Isma'ilu tare suka binne mahaifinsu a kogon Makfela, kuma ayoyi biyu bayan haka aka ce Ishaku ya zauna kusa da rijiyar nan da ta sami sunanta daga gamuwar Hajaratu da Allah. Jakin jeji kuwa, a Ayuba sura 39, Allah da kansa yana yabonsa a matsayin dabbar da ya kwance wa igiya, wadda ba ta jin tsawar mai kora. Ga baiwar da ta gudo daga azaba, albishir ne a ce ɗanta ba zai ɗauki kayan kowa ba. Ban da haka, Ishaya 60:7 ta ambaci garkunan Kedar da ragunan Nebayot, waɗanda sunayen 'ya'yan Isma'ilu ne, ta ce za su zama abin karɓa a bagaden Ubangiji. Ba na musun cewa labarin yana bin layin Ishaku a kan alkawari. Amma babu inda aka la'anci Isma'ilu, ko sau ɗaya.

Saura wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura 4, wadda ita ce makamin da aka fi ɗauka, domin a nan ne aka maimaita maganar Saratu, matar Ibrahim, cewa a kori baiwar da ɗanta. Bulus ya rubuta wannan wasiƙa a tsakiyar ƙarni na farko, kusan shekara 570 kafin Hijira ta 622, saboda haka babu yadda za a yi ya kasance yana maganar Musulmi. Rigimar da ke gabansa ta cikin ikilisiya ce: ko dole ne wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya ya ɗauki Shari'ar Musa kafin a karɓe shi cikin masu bin Almasihu. Shi da kansa ya ce misali yake bayarwa, ya ce Hajaratu tana matsayin Dutsen Sina'i da Urushalima ta zamaninsa. Kafin a juya wannan sura a kan Musulmi, an yi ƙarnuka ana juya ta a kan Yahudawa a Turai, kuma kowa ya san inda wannan ƙiyayya ta kai. Zan faɗi ra'ayina a fili: kalmomin nan na korar baiwa suna yi mini nauyi duk lokacin da na karanta su, ko da na fahimci misalin. Amma wasiƙar da ta ƙunshe su ita ce kuma ta ce a cikin Almasihu babu Bayahude ko Baheleni, babu bawa ko ɗa, babu namiji ko mace, kuma da wannan ayar nake auna waccan.

Duk wannan ilimi ne a cikin kai har ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015. Bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar da aka yi saboda zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Aka ƙona majami'u da gidaje da shagunan Kirista, aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, washegari kuma wutar ta kama a Yamai, har mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu. Muna jin ihu yana matsowa, sai maƙwabciyarmu Hajiya ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Malama, miƙo mini yaran nan, ke ma ki tsallako." Ta shigar da mu ƙuryar ɗakinta, bayan jeren kwanoninta, ta sa wa 'ya'yana mata hijabin jikokinta, ta zuba mana fura a ƙwarya duk da ba wanda ya iya sha. Babban ɗanta ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna da carbinsa, ya ce duk wanda zai shiga gidan sai ya bi ta kansa. Daga baya muka bi sauran 'yan'uwa zuwa barikin soja. Da muka je ganin majami'armu, kwanon rufi ya lanƙwashe ya faɗo ciki, bencina sun zama gawayi, gangunan zumuntar mata sun fashe. Ba na rage girman abin da aka yi mana, domin zalunci ne, kuma waɗanda suka yi shi sun yi ne suna kiran sunan addini. Amma wadda ta ɓoye ni ma saboda addininta ta yi.

A makonnin da suka biyo baya wayoyinmu suka cika da wa'azi. Ana tura muryoyin masu wa'azi daga waya zuwa waya, ana nuna hotunan gine-ginen da aka ƙona, kuma kusan kowane saƙo yana komawa ga aya ɗaya: ga shi an faɗa tun a Farawa, halin 'ya'yan Isma'ilu ke nan. A tashoshin tauraron ɗan adam kuwa, inda ake tallan man shafawa da ruwan albarka, na ji ana sa jama'a su tashi tsaye su yi addu'ar korar kowane Isma'ilu da kowace Hajaratu daga rayuwarsu, kamar sunayen aljanu ne. Mutanen da aka ƙone wa ɗakin sujada suna neman wanda zai bayyana musu dalili, kuma wannan wa'azi yana ba su dalili mai sauƙin haɗiya. Na ga matasanmu suna daina gaida abokan da suka tashi tare. A nan ne abin da na koya ya yi mini aiki, domin na san abin da surorin suka ce, kuma ba wanda zai iya sayar mini da rabin aya a madadin labarin duka. Na yi kuka, na yi fushi, na yi addu'a da Zabura masu zafi, amma ban iya ɗora wa Hajiya da kawuna la'anar da Allah bai ɗora wa kakan da ake danganta su da shi ba.

Da abubuwa suka lafa, na roƙi shugabannin zumuntar mata su bar ni in jagoranci nazarin Farawa 16 da 21. Muna taruwa ranar Alhamis da yamma a ƙarƙashin rumfar da aka kafa kafin a sake gini. Abin da ya faru a wurin ya wuce abin da na karanta a littattafai. Da muka kai inda ruwan salka ya ƙare, ba wadda ta buƙaci bayani, domin macen Damagaram ta san jiran famfo da tsakar dare a watan bazara, ta san yadda kuɗin garwa ke tashi, ta san kukan yaro mai ƙishi. Da muka kai rikicin Saratu da Hajaratu, wata tsohuwa da ta yi zaman kishi kafin ta zama Kirista ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ku bar matan nan biyu, ku dubi maigidan. Matarsa ta kawo ƙara, sai ya ce baiwarki tana hannunki, ki yi abin da kika ga dama da ita, alhali tana ɗauke da cikinsa." Rumfar ta yi tsit, sannan kowa ta fara magana. Wata ta ce haka yawancin finafinan Kano da muke kallo suke yi: ko uwargida ce muguwa mai bin bokaye, ko amarya ce makira, maigida kuwa bawan Allah ne da mata suka rikita, ba a cika tambayarsa hakkin da ke wuyansa ba. Ina kallon finafinan nan kamar kowa, kuma ina ganin suna nuna zafin kishi da gaskiya fiye da sharhin masanan Turai da ba su taɓa kwana a gidan mata biyu ba. Sai dai littafin Farawa ya fi su ƙarfin hali, domin bai wanke Ibrahim ba, ya nuna shi yana sallamar ɗansa da uwar ɗansa da gurasa da salkar ruwa kawai, shi da aka ce mai arzikin dabbobi da azurfa da zinariya ne.

Na kawo musu abin da tarihi ya sani game da al'adar zamanin. A dokokin Hammurabi, sarkin Babila na ƙarni na 18 kafin haihuwar Almasihu, waɗanda aka tono dutsen da aka rubuta su a 1901, doka ta 146 ta yi maganar matar da ta ba mijinta baiwa, baiwar ta haihu, sannan ta fara daidaita kanta da uwargijiyarta. Dokar ta ce ba za a sayar da ita ba, amma za a iya mayar da ita cikin bayi. Wato abin da Saratu ta yi sananniyar al'ada ce, jikin baiwa dukiyar uwargijiyarta ne, ba a tambayar yardarta. Ban gama bayani ba wata malamar asibiti ta ce ai ba sai mun je Babila ba. Ta tuna mana da Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a kan sefa 240,000 ta zama wahaya, wato baiwar da ake saya a ajiye kamar mata ba tare da ɗaurin aure ba, wadda ta kai ƙara har kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2008 cewa ƙasarmu ta kasa kare ta daga bauta, duk da dokar 2003 da ta mai da bautar da mutum laifi. Daga nan magana ta gangaro har cikin gidajenmu, kan 'yan matan ƙauye da ke yi mana aiki, waɗanda suke fara tashi su ne kuma na ƙarshen kwanciya, waɗanda sau da yawa kuɗin aikinsu ba ya shiga hannunsu.

Aya mafi wuya ita ce 16:9, inda mala'ika ya ce wa Hajaratu ta koma wurin uwargijiyarta ta yi mata biyayya. Mata da yawa a cikinmu sun taɓa jin an karanta musu irin wannan magana lokacin da suka yi yaji saboda duka, aka ce su yi haƙuri su koma. Wata masaniyar tauhidi baƙar fata 'yar Amurka, Delores Williams, ta yi rubutu a kan wannan a 1993, tana karanta labarin da idon jikokin bayi. Ta lura cewa a wannan sura Allah bai 'yantar da Hajaratu ba, abin da ya yi shi ne ya tsare ranta da na ɗan da ke cikinta, domin mace mai ciki ita kaɗai a hamada ba za ta kai labari ba. Wannan bayani bai share mini dukan nauyin ayar ba, amma ya nuna mini cewa magana ce ga mace ɗaya a cikin hali ɗaya. A sura 21 ba a sake ce mata ta koma ba. Allah ya buɗe idonta ta ga rijiya, ta rene ɗanta a jejin Faran, ta kuma nemo masa mata daga Masar, ƙasarta, aikin da uba ne ya saba yi. Saboda haka na gaya wa matan, kuma ina nan a kan bakana, cewa duk wanda ya ɗauki wannan aya ya mayar da mace gidan da ake dukanta ya yi wa Nassi ƙarya.

Lokacin da ƙanwar mahaifiyata ta dawo daga aikin Hajji na je yi mata barka da sauka, ta ba ni dabino da ɗan ruwan Zamzam a ƙaramin kofi, ta ba ni labarin yadda ta yi safa da marwa sau bakwai tana tuna Hajara mai neman ruwa saboda ɗanta. Na gaya mata yadda labarin yake a wurinmu. Ba mu ɓoye bambanci ba: su suna cewa a Makka abin ya faru, mu muna karanta jejin Biyer-sheba da Faran, kuma ba mu yarda a kan ɗan da aka kai hadaya ba, balle a kan wane ne Yesu. Ni na gaskata shi Ɗan Allah ne, Mai Cetona, wanda ya mutu ya tashi, ita kuwa ba ta gaskata haka ba, kuma ba wadda ta yi wa 'yar'uwarta kara a kan wannan. Ta ce, "Ɗiyata, ashe ku ma kuna da ita a littafinku." Na ce, "Iya, muna da ita, kuma Allah ya yi magana da ita har sau biyu."

Labarin nazarinmu ya kai kunnen dattawan ikilisiya, wasu suka damu da jin ana maganar tushe daban-daban a cikin Farawa. Fastonmu, dattijo mai haƙuri wanda ya yi mini baftisma, ya kira ni ofishinsa ya ce, "Ɗiyata, tsorona shi ne masu rauni. Idan suka ji an ce wannan sura daga hannu kaza take, gobe za su ce duka aikin mutum ne." Na ce, "Baba, yaranmu suna da waya a hannu. Abin da muka ɓoye musu za su ji shi daga bakin wanda yake so ya rushe su, kuma ran da suka ji za su ce mun yaudare su. Gara su ji daga wurin wanda yake durƙusawa tare da su a addu'a." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi ma an koya musu wasu daga cikin waɗannan abubuwa a makarantar tauhidi, amma an nuna musu cewa ba na bagade ba ne. Bai yarda da ni a kan komai ba, har yau yana riƙe da cewa Musa ne ya rubuta mafi yawan Attaura, amma ya hana a sake yin wa'azin jakin jeji a kan maƙwabtanmu a majami'arsa, ya kuma bar ni in ci gaba.

Ina karanta abin da Kiristoci masu irin wannan tunani suke rubutawa a Amurka da Turai ta intanet, kuma ina ƙaruwa da su, musamman yadda suke ɗaukar fim da waƙa da muhimmanci a matsayin wurin da mutane ke koyon tauhidi ba tare da sun sani ba. Amma rigimarsu ta masu rinjaye ce da ke jayayya a kan mulkin ƙasarsu, mu kuwa 'yan tsiraru ne da ke sayen gero a hannun maƙwabci Musulmi, muna kai gawa tare, muna shan ruwan famfo ɗaya. Tambayoyinmu dole su fito daga nan.

A zumuntar mata mun yi shawara a kan 'yan aikin gida: a riƙa ba yarinya kuɗinta a hannunta ƙarshen wata, a ba ta ranar hutu, wadda ba ta yi makaranta ba a sa ta ajin yaƙi da jahilci da muke yi ranar Asabar. Wasu sun bi, wasu sun ce iyayen yaran ba za su yarda ba, kuma muna kan tattaunawa da su. Matasa kuma, da suka ji abin da muke yi, sun aiko da tasu tambayar a rubuce, a kan yaƙe-yaƙen littafin Joshuwa da umarnin hallaka mutanen Yariko. Baba Fasto ya ce wannan ba zai bar mini ni kaɗai ba, za mu koyar tare bayan girbi, shi ya ɗauki sura 1 zuwa 6, ni kuma in kawo abin da masu tonon ƙasa suka samu a Yariko da Ai, da yadda littafin Mahukunta sura 1 ya ba da labarin shiga ƙasar ta wata fuska dabam.